Kada Ki Hau Motar Safe

Hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake nema idan rana ta take,

Ki yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace. Tafin hannuna duk ya faffashe, da ƙyar nake riƙe biro. Yau kwana uku injin yankan shinkafa ya kafe a taɓo. Mun tura, mun cusa katako ƙarƙashinsa, ya yi gurnani ya mutu. Makaniki ya kwance, ya ɗaure, daga ƙarshe ya goge hannu a wando ya ce sai an kawo ƙarfe daga birni. Kogi kuwa kullum sai ya ƙara cin gonar Baba. Dole muka koma lauje, ni da Yaya da Kawu. Baba ma, da ciwon bayansa, ya ƙi zama.

Jikina na cikin laka, zuciyata tana ƙofar gidanku. In na sunkuya ke nake gani, in na miƙe hanya nake kallo. Iska ta kaɗa zangarniya, sai in ga tafiyarki. Ruwa ya yi ƙyalli tsakanin karare, sai in ga murmushinki. Jiya ina wannan kallo lauje ya yanke mini yatsa, Kawu ya ce in sassauta, ba shinkafar ce za ta raba ni da ke ba. Kowa ya yi dariya, ni ban iya ba.

Kin tuna ranar da na ɗora ki kan injin nan, kika danna oda, tsuntsayen gonar suka tashi gaba ɗaya, kika rufe baki da mayafi kina dariya har da hawaye? Yanzu tsuntsayen a kansa suke hutawa.

Jibi za ki tafi makarantar jinya. Shekara uku, farin watana! Na yi miki alkawarin ni zan ɗauki akwatinki zuwa tasha. To yaya zan yi? In ajiye lauje in bar tsoho cikin ruwa har gwiwa, abincin gidanmu na shekara yana nutsewa a gabansa? In tsaya, ki tafi ban ga fuskarki ba? Na kasa zaune, na kasa tsaye, abinci ma a tsaitsaye nake tura shi.

Saura kwarin bakin ruwa kawai. In Allah ya riƙe hadarin nan, za mu ɗaure dami na ƙarshe jibi da azahar. Don Allah kada ki hau motar safe, ki jira ta la'asar. Ki ce wa Ummanki ni na roƙa, laifin a kaina. Zan taho a guje, ko wanka ba zan tsaya yi ba, in kika ga wani mai laka yana kutsawa cikin fasinjoji, kada ki kau da kai.

In kuma ruwa ya rinjaye mu ban iso ba, ki tafi da sanin cewa babu wata bayanki. Inda kika bar ni, nan za ki dawo ki same ni.

Naki shi kaɗai, har ƙarshen numfashi.