Babban Rumbu, Ƙaramar Ƙofa

Ƙaura Namoda

Zuwa ga Yaya Magaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Hauwa da yara, da fatan kasuwar Shinkafi na tafiya. Ya jikin Inna?

Yaya, raina a ɓace yake. Na roƙe ka ka sayo mini faifan ajiya mai sauri, wanda ake kira Es-es-di, don laftof ɗina ta riƙa ɗaukar bidiyon wasan ƙwallo na gem ba ta sarƙewa. Sai ka aiko da tsohon yayi, wai ya fi ɗaukar kaya. Wannan ba gero ba ne, Yaya. Ina amfanin babban rumbu in ƙofarsa ba ta shigar da dami?

Ga abin da ya jawo. An yi wasan ƙarshe na gasar gem a shagona, a kan ragon da wani Alhaji ya ba da kyauta don kada a ce caca ce. Nasidi na Shinkafi ya kara da Zayyanu na Zurmi, ƙanen matata Mubaraka. Nasidi zai buga fenareti sai wani ya danna tsayarwa, ya rikice ya zubar. Ya rantse Zayyanu ne. Aka ce a duba bidiyo, tunda yana nuna wanda ya danna. Daidai wurin hoton ya daskare, ya tsallake.

Yanzu 'yan Shinkafi na yawo da ni wai na yanke don in rufa wa suruki asiri. Ni da mutane ke bar wa wayoyinsu su tafi masallaci! Ragon na ɗaure a gidana, yana cinye mini dusa. Ka mayar da faifan nan, ka aiko da wanda na ce.

Ƙanenka,
Rufa'i

Ƙaura Namoda

Zuwa ga Yaya Magaji,

Sallama da gaisuwa. Na ji Inna ta samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Direba ya kawo sabon faifan. Na ga takardarka da kake mitar ƙanƙantarsa, to na sa shi, bidiyo na tafiya sumul. Aka sake wasan, shago ya cika har bakin titi. Sai ga fenareti kuma, sai ga tsayarwa kuma. Wannan karon na mayar da hoton a gaban kowa, ga lambar na'urar hannun Zayyanu ɓaro-ɓaro. Ashe hali zanen dutse. Yaron da na yi ta rantsuwa a kansa ko kunya bai ji ba, wai yatsansa ne ya zame.

Na kwance ragon da hannuna na miƙa wa Nasidi. 'Yan garinku har addu'a suka yi mini, sunana ya wanku.

Amma Mubaraka ta ce na tozarta ɗan'uwanta a bainar jama'a. Ta tafi Zurmi, wai ganin gida, kuma ta ɗauki keken ɗinkinta. Ka shirya ka raka ni biko ranar Juma'a, kai ne babba. In mahaifinta ya tambayi abin da ya haɗa mu, kai za ka yi masa bayanin faifai.

Ƙanenka,
Rufa'i