Ƙararrawar Heizo

Litinin, 4 ga Maris, 1974
An yanke. Za a rushe ɗakin famfon kashe gobara da hasumiyarsa, a sa jiniya a kan sabon ofis. Heizo, maigidana, ya dawo daga taron ko takalminsa bai jera a bakin ƙofa ba. Tun yana saurayi shi ke hawa ya buga ƙararrawar da ke saman hasumiyar in gobara ta tashi. Da hannunsa ya ɗora katakon rufin ɗakin, ba ƙusa ko ɗaya.

Alhamis, 7 ga Maris
Wai shi zai sauko da ƙararrawar. Wai ƙararrawar gari ba a fizgo ta da inji kamar buhun taki, mafi tsufa a 'yan kwana-kwana ne ke hawa ya kwance ta, ya goyo ta a baya. Na ce, "Baban Sachie, da wace gwiwar? Wadda nake gasa maka kullum?" Ya ce, "Ke dai zuba shayi." Mutumin da matakalar gidan wanka ke gagara! In ya faɗo daga can sai dai a kwashe da tabarma. Tsoro nake ji, ba wasa ba.

Lahadi, 10 ga Maris
Tokuji abokinsa ya zo, wai lallashi. Lallashin banza. "Kai tsohon biri, wutsiyar ta tsinke, haƙura." Heizo ya ce, "Kai da ko da ƙuruciya tsani kake riƙewa daga ƙasa?" Suka yi ta dariya, suka cinye min kifi. Na je wurin bauta na roƙa a hana shi ko ta yaya. Ko ta yaya na ce.

Talata, 12 ga Maris
Na ɓoye safarsa ta hawa a tukunyar shinkafa. Ya nemo ta.

Laraba, 13 ga Maris
Gari duk ya fito. Aka watsa gishiri da giyar shinkafa a kusurwoyin ɗakin, aka yi wa ginin godiya. Heizo ya ɗaure kai, ya kama tsani. Taki ɗaya, biyu, na uku ƙafar ta kama rawa, har daga inda nake ina gani. Ya daɗe a wurin, goshinsa a jikin ƙarfe. Sai ya sauko. Ya ce wa Noboru, shugaban aikin, "Kawo injinka." Noboru ya sunkuya har ƙasa, "Baba, ku yi haƙuri." Ƙararrawar ta sauko tana lilo a igiya.

A hanya ya ce min, "To, hankalinki ya kwanta?" Na ce eh.

Juma'a, 22 ga Maris
An rushe ɗakin, filin ya zama fetal. Heizo yana cin abinci, yana shan magani, duk abin da na ce sai ya ce to. Tokuji ya zo ya tsokane shi, bai rama ba.

Asabar, 6 ga Afrilu
Da hantsi jiniya ta yi kuka, gobara a wajen injin katako. Ban san sanda na ɗauko rigarsa ta kwana-kwana na tsaya a bakin ƙofa ina buɗe masa hannuwanta ba. Yana zaune yana yanke farce. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya ci gaba da yanka.

Na fi so yana raye, wannan ba tantama. Rigar dai ban mayar da ita akwati ba. Tana buƙatar shan iska, shi ke nan.