Hannun Baba

Asabar, 4 ga Mayu

Yau Baba ya yarda a ɗauke shi hoto, shi da ya ƙi jinin kyamara. Muna baranda, ga Mama, ga Yaya da matarsa. Ni ce mai ɗauka, da 'yar kyamarata ta aljihu. Ya miƙo hannu yana magana, na ce, "Baba, don Allah ka tsaya cak." Na danna. Ya ce ya yi? Na ce ya yi kyau. Ban ko duba ba, ina saurin komawa shagon ɗinkina.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na duba. Ashe a kan alamar fure na bar ta, ta ɗaukar abu na kusa, tun ranar da na ɗauki hoton aikin wuyan riga don wata mai kawo min ɗinki. Fuskoki duk dishi-dishi. Hannun Baba kaɗai ya fito tar. Da na murɗa ta zuwa alamar mutum, na danna rabi, na jira koren akwatin ya sauka a fuskarsa, da shi ke nan. Abin da nake koya wa wasu da baki. Mako mai zuwa na sake.

Alhamis, 16 ga Mayu

Baba ya rasu.

Laraba, 29 ga Mayu

Yaya ya kira, yana son hoton a wanke babba a rataye. Na ce katin kyamarar ne ya lalace. Ya ce, "Ba komai, Auta, ba laifinki ba ne." Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Kusan makonni biyu nake da su na koma na sake, ban je ba. Ɗinki, wai.

Juma'a, 7 ga Yuni

Kyamarar na ƙasan durowa, cikin ƙyallaye. Ko almakashi zan ɗauko sai na kau da kai.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na gaya wa Mama gaskiya. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. Ga tabon da guduma ta bari a babban yatsansa, ga agogon da ya yi masa yawa tun da ya rame. Na ce, "Mama, fuskarsa ba ta fito ba." Ta ce fuskarsa ta sani.

Sai ta ce, "Kin san me yake cewa a nan? Cewa yake ki ajiye abin ki zo ki shiga."

Ban ji ba. Wallahi ban ji ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Akwai alamar agogo a gefen madannin, shekara uku ban taɓa ta ba. Daƙiƙa goma take bayarwa kafin kyamarar ta ɗauka da kanta. Na murɗa zuwa alamar mutum, na ɗora kyamarar kan kujerar Baba, na ruga na zauna kusa da Mama. Na fito baki buɗe, ɗankwali a karkace. Mama ta ce a sake.

Na ce a bar shi.