Jatan Landen da Kika Bari

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya da mutanen gidanta. Yaya ciwon ƙafar taki? Ni lafiya nake, gida ma haka.

Na zaɓi rubutu ne domin kin san yadda nake a waya. Maganar jatan landen nan biyar ce da kika bar mini a tankin gilashi na falo. Ranar Talata na tarar da ɗaya kwance a kan yashi, ba motsi. Na cire shi da cokali, na naɗe a takarda, na wuni ina shirya yadda zan sanar da ke. Washegari na ƙirga, sai na ga biyar cif. Mai shagon kifi ya yi mini dariya har da riƙe ciki, wai rigar da aka tuɓe na zauna yi wa makoki. Ashe saɓa suke yi kamar maciji, su bar tsohon ɓawo da siffar ƙafafu da gashin baki a jikinsa.

Ruwan tankin yana raguwa kullum, ni kuma ina cikawa da ruwan gishiri, daidai awon da na ga kina haɗawa ranar Asabar. Kada ki damu.

Yau mako shida da tafiyarki, ba ki kuma ambaci ranar dawowa ba. Ba ƙorafi nake yi ba.

Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. A gaishe da Yaya.

Biyu sun mutu, kuma wannan karon ba ɓawo ba ne. Wanda kike kira Mai Farar Safa shi ya fara. Wani farin layi ya fito tsakanin kansa da jikinsa, ɓawon ya tsage, amma ya kasa zare kansa. Ya wuni yana harba ƙafafu, rabi a ciki rabi a waje. Na ja kujerarki na zauna a gabansa, ban iya yi masa komai ba.

Laifina ne. Na kai ruwan shago aka auna, aka ce gishiri ya yi yawa. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan inda yake. Shekara ashirin ina koya wa ɗaliban shekarar farko wannan a jami'a. Mai shagon bai yi dariya ba a wannan karon. Ya ce ruwan daɗi zalla ake cikawa da shi, kuma lallai haka kike yi kowace safiya. Wato bayan na ɗauki jakata na fita. Aikin Asabar kaɗai na taɓa gani, shi ma ta saman jarida, ban kuwa taɓa tambayarki ba.

Ranar da za ki tafi kin ce shirun gidan nan ya ishe ki. Ni kuma na ce Allah ya kiyaye hanya, na kai miki akwati mota. Tun daga ranar nake juya wannan amsa tawa.

Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi.

Takardarki ta zo, layi huɗu ban da gaisuwa da labarin ƙafar. Na bi uku yadda kika tsara: kofi ɗaya na ruwan daɗi a rana, ba gaggawa, na rage hasken fitilar, na daina kwashe ɓawon, tunda kin ce abincinsu ne. Jiya wanda ke ɓuya cikin dutse, wanda kika raɗa wa Farfesa don ki tsokane ni, ya yi saɓarsa lafiya, ya fita gaba ɗaya. Na juya zan faɗa miki.

Layi na huɗu shi ne cewa ƙaninki zai zo da mota ƙarshen wata ya ɗauke tankin. Na fara rubuta miki cewa jikinsu ya yi laushi, tafiya za ta kashe su. Gaskiya ne, amma na kwana kaɗan ne, kafin ƙarshen wata sun yi ƙwari. Don haka na yaga waccan takardar.

Tankin naki ne, ba zan hana ba. Sai dai ina roƙon kada ki aiko kowa. Ki zo da kanki. Ba don su nake roƙo ba. Ina kewarki, kuma akwai tambayoyin shekara ashirin da shida da ban yi miki ba. Idan kin zauna kin amsa, sannan kika ga tafiya ta fi, ni da kaina zan ɗora miki tankin a mota. Amma ina so ki zauna.

Ina jiran amsarki, ko da layi ɗaya ne.

Naki,
Baban yara.