Tambayar da Za a Yi Mini a Kan Colton

Zuwa ga Yayata Kendra,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki lafiya, ke da Wade da yara. Allah ya ƙara wa Tucker sauƙin ƙirjin nan, ya fitar da ku daga sanyin Alaska lafiya. Mu nan Iowa jiki lafiya. Mama ta ajiye sanda, Baba kuwa ya sayar da sauran aladunsa, yanzu ba shi da aiki sai faɗa da mai hasashen yanayi a talabijin.

Yaya, na san Mama ta ba ki labari a waya, amma rabi ta sani. Ranar gasar kamun kifi a tafki komai ya juye mini. Ina kwance cikin bargo da littafin soyayyata, yarinyar cikin labarin ta kusa gane mai aiko mata furanni, sai waya ta yi ƙara, rana ma ba ta faɗi ba. Mijina Colton ne, daga ofishin 'yan sanda. Tun safe shi da abokansa suna cikin bukka a kan ƙanƙarar tafkin da ya daskare suna shan giya, wai murnar gurbin da ya samu a makarantar likitan haƙori. Da ya tashi dawowa ya ga bai kamata ya tuƙa ba, sai ya bar motar ya tako da ƙafa. Ya zauna hutawa a gaban kantin kayan gini, barci ya kwashe shi a cikin dusar ƙanƙara. Nan aka ɗauke shi da laifin maye a bainar jama'a, ya kuma amsa laifin a gaban alƙali.

Dokar makarantar ita ce duk wanda aka ɗauka, in aka kama shi kafin a fara karatu, shi zai kai kansa. Ya kai kansa. Kwamiti ya kira shi, suka ce ba kamun ne ya dame su ba, so suke su san wane irin mutum za su damƙa wa allura da bakin mutane. Ya rantse musu sau ɗaya ne, tsautsayin murna. Suka ce za su riƙe masa gurbin, da sharaɗin wata mai auna matsalar shaye-shaye, Misis Ostrander, ta tabbatar da haka. Ta gana da shi. Yanzu ta ce sai ta zauna da wadda yake kwana gida ɗaya da ita. Ranar Talata za ta tambaye ni ko yana sha a gida.

Yaya, yana sha. Tun lokacin da yake karatun jarrabawar shiga ya fara, a garejin gidanmu, wai don kansa ya huce. Na sha tsintar kwalabe a cikin takalman farautarsa, in mayar in yi shiru. Kin tuna haƙoran da yake sassaƙawa da sabulu don hannunsa ya saba, waɗanda kika ce sun fi na Baba kyau? Ya daina yin su da safe. Hannun rawa yake yi, sai ya leƙa gareji ya dawo sannan ya tsaya. Ni kuwa, kin san halina. A littattafan da nake karantawa, duk namijin da yake da wani ciwo a ɓoye, haƙurin matarsa ne yake warkar da shi kafin babin ƙarshe. Na ɗauka nawa aikin ke nan. Har launin labulen asibitinsa na zaɓa a raina, da gida mai baranda, da ni zaune a teburin karɓar baƙi.

Shekaranjiya surukata Darlene ta zo da tire na dankali da cuku. Ta riƙe hannuna tana kirana 'yarta, ta ce duk mazan garin nan haka suke, uban Colton ma haka ya yi, ga shi bai kashe kowa ba. Ta ce ba ƙarya aka ce in yi ba, kawai kada in cika surutu kamar mutanen cikin littattafaina. Mijinta daga bakin ƙofa ya ce ai likitan haƙori dama warin sinadari yake yi, wa zai bambance shi da warin giya. Su biyu suka yi dariya. Colton bai yi ba. Bayan sun tafi ya ce mini, “Brianne, shekara uku ina neman gurbin nan. In kika buɗe baki, ke kika ƙwace shi, ba su ba.” Ya ce in an fara karatu zai daina, ba zai ma sami lokacin sha ba. Haka ya ce kafin jarrabawa, haka ya ce da sakamako ya fito.

Na bincika abin da zai biyo baya. In na faɗi gaskiya, za ta rubuta cewa yana buƙatar magani. Wataƙila su ɗage masa zuwa baɗi, wataƙila su ba wani gurbin, tunda shi ma ya riga ya ce musu sau ɗaya ne. Na riga na ajiye aikina a kantin magani, rabin kayanmu suna cikin kwalaye don ƙaura zuwa garin makarantar. Ban san ko zai yafe mini ba. In kuma na yi shiru, nan da 'yan shekaru wata uwa za ta kwantar da ɗanta a kujera, ta ce masa ya buɗe baki kada ya ji tsoro, Colton ya sunkuyo da injin huda haƙori a hannu da sassafe. Jiya na ɗauki littafi don in manta, na karanta shafi ɗaya sau da yawa ban fahimci komai ba.

Ki gaishe mini da Wade, ki sumbaci Tucker da Josie, ki ce wa Goggo Lorna na ga safar da ta saƙa, na gode. Don Allah kada ki gaya wa Mama tukuna, ki dai sa mu a addu'a. Ba shawara nake nema ba, Yaya, so nake wani nawa ya sani kafin ranar. Talata zan je, kuma zan gaya wa Misis Ostrander cewa yana sha kullum.

Ƙanwarki,
Brianne