Akwatin Hajiya ya dawo daga Madina

Daren Alhamis

Yau akwatin Hajiyarmu ya iso. Gwaggo Rabi da suka tafi Umara tare ce ta taho da shi. Na je filin jirgi na ɗauko ta, na ɗora akwatin a kujerar baya, inda Hajiya take zama.

Kwana shida ke nan da binne ta a Madina. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Ai Hajiya ta dace, kowa irin wannan yake roƙo." In ce haka ne. Kuma na san haka ɗin ne. Amma ban ɗauki makararta ba, ban zuba ƙasa ba, ko hoton wurin ban gani ba.

A hanya Gwaggo ta ce, "Nura, Madina fa ba nisa, awa biyar ka sauka." Da danja ta tsayar da mu na duba a waya. Daga Kano kilomita dubu uku da ɗari biyar da ɗoriya. Na yi ta kallon lambar ban ji komai ba, har na bayana ya danna mini hon.

Bayan la'asar muka buɗe akwatin. Ashe ta gama haɗa tsaraba, kowace leda da sunan mai ita, da rubutun nan nata mai karkacewa. Har Malam Isa maigadi da dabinonsa. Tawa farar jallabiya ce, ta rubuta, "Nura, ta Juma'a."

Gobe Juma'a. In an sauko masallaci nakan biya kabarin Baba, minti goma a mota. Zan sa jallabiyar in je can, tunda nan ne iyakar inda motata take kaiwa.