Libarbar Kafili

Sa'alaba, Jidda, Muharram 1394

Yaya Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara a Bort Sudan.

Shawara nake nema, tunda ka yi aikin ɗan sanda. Kafilina, wanda nake zaune a ƙasar nan a ƙarƙashinsa, mai kantin agogo a unguwar Balad, ya mai da ni direban da zai riƙa kai kaya Ɗa'if. Ya ce hanya ba aminci, sai na riƙa yawo da libarba. Ya nuna mini biyu, duk magnam, masu harsashi mai ƙarfi. Ɗaya gajeruwa ce, tana ɓuya cikin riga. Ɗayar mai dogon baki, da nauyi kamar guduma. Ba sabuwa ba ce, amma ita yake ta kurantawa. Kullum za ta kasance a ƙuguna, duk Juma'a kuma in fita koyon harbi. Wacce zan ɗauka?

Ƙaninka, Mahmud

Bort Sudan

Mahmud,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana sa maka albarka.

Gajeruwar ta fi daɗin ɗauka, amma da harsashin magnam tana shurin hannu kamar jaki, ba za ka jure harbi da ita duk mako ba. Doguwar ta fi saiti, ta fi kuma sauƙi a wuyan hannu, sai dai ƙugunka zai gaya maka. Wannan amsar tambayarka ce.

Ga tawa. Tun yaushe ake tare motar agogo a hanyar Ɗa'if? Lasisin da sunan wa? Wa ya riƙe bindigar kafin kai, kuma ina direban da ka gada? Ɗan kasuwa ba ya yabon tsohon kaya a banza.

Yayanka, Abdulwahid

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka bar aiki, amma aiki bai bar ka ba. Kowa ɓarawo ne a wurinka. Na ɗauki doguwar, halas, magana ta ƙare. Lasisi an ce yana hanya. Direban farko, Ubale, an ce ya koma gida.

Na fara harbi a bayan gari, har na fasa gwangwani. Kafili yana jin daɗi ƙwarai. Ya ce in daina rufe ta in na shigo kasuwa, gara kowa ya san tawa ce, don a ji tsorona.

Naka, Mahmud

Sa'alaba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ce Zakiya, matar ƙaninka. Ina gaisuwa da ladabi. Bai san na rubuto ba.

Na je ta'aziyya unguwar Kurayyat, na haɗu da Mastura, matar Ubale. Mijinta bai koma ko'ina ba. Wata huɗu da suka wuce aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ɗa'if, an harbe shi, bayan sun yi sa'insa da kafili. Ta ce 'yan sanda sun gaya mata babbar libarba ce, har yanzu suna nemanta. Na tambaye ta, "Wa kike zargi?" Ta ce, "Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, tana hannun kafilin, ki bar ni."

Na faɗa wa Mahmud, ya ce surutun mata ne. Amma tun ranar ba ya iya cin abinci. Don Allah ka yi masa magana.

Taka, Zakiya

Mahmud,

Sallama. Ban ce kafilinka ya yi kisa ba, ban gani ba. Amma wanda aka saba gani da bindiga, shi ake kamawa da ita. Ka mayar masa a gaban shaidu, ka faɗi da ƙarfi ranar da ya ba ka. Aiki ba ya ƙarewa a Jidda.

Allah ya tsare. Abdulwahid

Yaya,

Gaisuwa. Na mayar, a kanti, gaban maƙwabta uku, na faɗi ranar. Bai tambaye ni dalili ba, ko kallona bai yi ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Yanzu dako nake a tashar jiragen ruwa.

Jiya na ga sabon direba, Husaini, a kasuwa, doguwar tana ƙugunsa a buɗe. Yana da 'ya'ya uku. Iƙamata har yau tana hannun kafili. In yi masa magana?

Ƙaninka, Mahmud